Darasin Wannan Wata: Zaɓen Injin Markaɗe da Niƙa Matsakaici

Kaka ta shigo, an sayar da amfanin gona, kuɗi sun ɗan taru a hannun ma'aji. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyi su kan fara shawarar sayen inji, magidanta kuma su kan so su saya wa uwargida abin da zai rage mata wahalar girki. Nufi ne mai kyau. Amma kuɗin gumin shekara guda ne, inji kuwa idan aka saya ba daidai ba, sai ya zama tarkace a bayan ɗaki, ya bar zargi da gunaguni a cikin ekklesiya.

Kafin a fara darasin, shugaba ya sa wani ya karanta Maimaitawar Shari'a 24:6. A wurin, shari'ar Musa ta hana mai bin bashi ya karɓi dutsen niƙa jingina, ko da ɗan dutsen na sama ne kaɗai, gama gidan da aka raba da dutsensa an raba shi da abincinsa. Ashe abin niƙa ba ƙaramin kaya ba ne. Bari mu yi nazarinsa a hankali.

A fara da aikin, kāna inji

Yawancinmu mu kan ce "injin niƙa" kamar dai abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Surfe dabam, ɓarza dabam, niƙan gari dabam, markaɗe kuma dabam. Surfe shi ne raba hatsi da dusa. Ɓarza farfasa shi ne, kamar na faten tsaki ko abincin kaji. Niƙa na busasshen abu ne: dawa, gero, masara, kuka, busasshiyar kuɓewa. Markaɗe kuwa na jiƙaƙƙen abu ne: wake domin ƙosai da alale, waken suya domin awara, gero domin kamu, shinkafa domin waina, da tumatir da tattasai da albasa domin miya. Ba injin da ya ke yin dukan waɗannan da kyau. Mai kanti zai ce maku nasa yana yi, amma shi ciniki ya ke nema.

Saboda haka tambaya ta fari ita ce, wane aiki ne ya fi cinye lokaci da kuɗi a gidajenmu? Maza ba za su iya amsa wannan su kaɗai ba. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya tun asuba ba, ko ya ɗauki bokitin jiƙaƙƙen wake zuwa ƙauyen gaba, bai san inda wahalar ta ke ba. Ku kira Zumuntar Mata a taron, ku bar su su yi magana tukuna. A wani ƙauye za ku iske gari ba shi ne damuwarsu ba, domin akwai babban inji a kasuwa. Markaɗen safe ne ya ke damunsu. A wani wuri kuma, kamar inda a ke noman acha, surfe ne babbar wahala, kuma acha tana da nata inji dabam, wanda wani malami ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera a shekarun 1990. Injin niƙa na kullum ba zai surfa ta ba.

Injunan tebur masu lantarki

Waɗannan na gida ɗaya ne, iri uku ne kuma a kantuna, suna kama da juna.

Akwai bilenda, mai doguwar kwalba da ƙananan wuƙaƙe a ƙasa. Sai da ruwa ta ke aiki. Tana markaɗa kayan miya da kyau, tana kuma iya wake idan an jiƙa shi sosai aka zuba kaɗan kaɗan.

Akwai wanda masu kanti ke kira furosesa, mai faɗin kwano da lanƙwasasshiyar wuƙa a tsakiya, da faifai na yanka da na kankara. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Verdun ya ƙera shi a shekarun 1960 domin gidajen sayar da abinci, na gida ya fito a Faransa a 1971, ya shiga Amurka a 1973 da sunan Cuisinart. Mun faɗi wannan tarihi ne domin ku gane girkin da aka yi shi dominsa. Girkin Turawa ne: yanka kabeji da karas, niƙa nama, kwaɓa fulawa. Yana yin waɗannan da sauri ƙwarai. Zai kuma mai da soyayyar gyaɗa ta yi laushi domin kunu ko miya. Amma ba ya mai da masara gari, kuma wake ba ya yin laushin da ƙosai ke so a cikinsa. Wanda ya zuba busasshiyar masara a ciki zai dakusar da wuƙa, ya karce kwanon, tsaki kuma zai samu.

Na uku shi ne miksa irin ta Indiya, mai kwanukan ƙarfe uku, ɗaya na jiƙaƙƙen abu, ɗaya na busasshe, ƙarami kuma na kayan yaji. Mutanen Indiya suna markaɗa shinkafa da wake suna niƙa yaji kullum kamar mu, don haka injinsu ya fi dacewa da tukunyarmu. A ganinmu, gidan da ke da lantarki, idan ɗaya kawai zai saya cikin ukun, wannan ya saya. Furosesa ya fi amfani ga mai yin cincin da burodi na sayarwa, ko ɗakin girkin makarantar Littafi Mai Tsarki inda a ke yanka ganye da yawa.

Game da girma, Turawa suna auna kwanon furosesa da kofi, kofi 4 kuwa wajen lita ɗaya ne. Ƙarami yana ɗaukar kofi 3 zuwa 4, matsakaici 7 zuwa 9, watau wajen lita 2, babba kuma 11 zuwa 14. Kada lambar ta ruɗe ku. Wannan awon busasshen abu ne har baki. Idan abu mai ruwa ne, ba a wuce rabin kwano, in ba haka ba sai ya tsiyayo ta tsakiya ya gangara kan moto. Ku tuna kuma wake yana kumbura ya ninka idan ya jiƙa. To, kwano mai lita 2 zai wadaci gida mai mutum biyar ko shida a miyar yau da gobe. Ba zai wadaci girkin Kirsimati ba, balle matar da ke sayar da ƙosai a bakin hanya.

Sai ƙarfi. A juya injin a duba takardar da ke ƙarƙashinsa, kada a dogara ga manyan lambobin jikin kwali. Harafin W yana nuna wat, watau yawan wutar da ya ke ci. Wat 500 zuwa 750 ya isa aikin gida. A ɗaga shi kuma a ji nauyinsa, gama moto mai nauyi ya fi juriya. Mai kyau yana da ɗan maɓalli a ƙasa wanda ke yanke wuta idan moto ya yi zafi. Idan ya huce sai a danna shi a ci gaba. Wannan ɗan maɓalli ya ceci injuna da yawa.

Harafin V kuma shi ne wanda ya fi jawo asara. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana tsakanin 220 da 240. Ta Amurka 120 ce. A cikin kayan gwanjo akwai injuna masu kyaun gani da aka kawo daga Amurka, da araha kuma. Ranar da aka sa irin wannan a soket ɗinmu ba tare da taransifoma ba, ranar zai ƙone. Araha ba ta ado.

Masu ƙaramin janareta, wanda a ke haɗa masa fetur da baƙin mai, su sani ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne, ko da an rubuta 950 a jikinsa. Moto kuwa yana jan wuta fiye da tasa a lokacin tashi. Saboda haka miksa mai wat 750 ta fi ƙarfinsa. Masu sola su ma su duba inbatarsu. Batir ba shi ne matsala ba, domin inji mai wat 500 da ya yi aiki minti 5 bai ci fiye da abin da ƙwai mai wat 10 ke ci cikin awa 4 ba, sai ɗan kaɗan. Inbata ce dole ta iya ɗaukar nauyin tashinsa.

Inda ba wuta sam, kada a rena injin hannu da a ke ɗaurawa a bakin tebur, irin su Corona da a ke yi a Kolombiya. Yana niƙa gyaɗa da wake da ɗan hatsin kunu, ba ya cin mai, ba ya kuma neman makaniki.

Injin ƙungiya

Yawancin ƙungiyoyinmu suna ƙauyukan da wuta ba ta zuwa, ko tana zuwa sau ɗaya a mako. A nan abin da ya dace shi ne injin faifai mai amfani da fetur. Shi ne matsakaici, tsakanin na tebur da babban inji mai dizal irin na kasuwa. Kai ne na niƙa, da moto, da bel da ke haɗa su, an ɗora su a kan teburin ƙarfe. Moton yawanci mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5 ne, irin ƙirar Honda GX160 da GX200 da sauran masu kama da su, irin dai wanda manoman rani ke jan ruwa da shi. Wannan babbar fa'ida ce, domin makanikin da ke gyaran injin ban-ruwa zai iya gyara shi, kayansa kuma suna nan a kowace babbar kasuwa. Ƙarfin doki ɗaya wajen wat 746 ne, don haka kun ga ya ninka injin tebur sau da yawa.

Me ya sa ba mu ce a sayi babba ba? Domin babban inji yana son ciniki daga safe har yamma kafin ya biya kuɗinsa, yana son ɗaki na kansa da ƙasa mai siminti da ma'aikaci na kullum. Ƙungiya mai gidaje ashirin ko talatin ba za ta iya ciyar da shi da aiki ba, sai idan ƙauyen yana da kasuwa kuma ba wani inji kusa. Idan kuwa akwai ɗan'uwa ko maƙwabci da ke da babban inji yana ci da iyalinsa da shi, ku yi tunani kafin ku kafa masa kishiya. Ku bar masa gari, ku ɗauki markaɗe.

Yadda kan ya ke aiki shi ne, a ciki akwai faifan ƙarfe biyu masu tsaga-tsaga, wasu na ce masu dutsen inji, wasu haƙora. Ɗaya yana tsaye, ɗaya yana juyawa. Akwai hannu a gaba da a ke murɗawa domin matse su ko sassauta su. Kamar dai dutsen niƙa na kakanninmu ne, kuma kamar yadda a ke koɗa dutse idan ya yi santsi, haka a ke wasa faifai idan tsagarsa ta cinye.

To, ina ƙarfen da ya cinye ya tafi? Cikin garinmu ya tafi. Wannan magana ce da masu sayar da inji ba su kan faɗa ba. Faifai mai arha da aka zuba da tarkacen ƙarfe yana cinyewa da sauri, kuma ba wanda ya san abin da aka narkar a cikinsa. Mai tuƙin inji idan ya matse faifan ƙwarai domin gari ya yi laushi a zuba ɗaya, ko ya bar su suna gogar juna ba hatsi a ciki, yana ƙara yawan ƙarfen. Kowa na iya gwada wannan. A sami mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne, a sa shi a cikin leda mai tsabta, a dama gari a ruwa, a juya ledar a ciki. Baƙin ƙura da ya manne shi ne ƙarfen. Maganinsa shi ne a sayi faifai mai tauri ko da ya fi tsada, a niƙa sau biyu ko uku a sassauce maimakon sau ɗaya a matse, kuma duk sabon faifai ko wanda aka waso a fara wanke shi, a niƙa dusa da shi a zubar.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A shekara ta 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gari suna niƙa su da irin injunan niƙan hatsi, suna dakawa a turmi a cikin gidaje, duwatsun kuwa cike su ke da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannuwan yara. Irin wannan ya sake faruwa a Jihar Neja a 2015. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Haƙar ma'adinai kuwa tana ko'ina a yankunanmu. Saboda haka muna gargaɗi da babbar murya, kada ƙungiya ta sayi tsohon kan inji wanda ba ta san tarihinsa ba, kome arahansa. Tsohon moto ana iya saye idan makaniki ya duba shi. Kan niƙa dai a sayi sabo. Kada kuma a ba da aron injin abinci ga mai niƙa dutse, ko na dare ɗaya, ko nawa zai biya.

Idan kuɗi sun kai, a sayi kai biyu a moto ɗaya, na markaɗe da na busasshe. Idan ba su kai ba, a raba lokaci: markaɗe da safe, a kwance kan a wanke a shanya, busasshe da yamma. A markaɗen ma akwai jeri. Kamu da waken suya su fara, sa'an nan wake, kayan miya da attarugu a ƙarshe. Ba uwar da za ta sake kawo geron kokon jaririnta idan ya taɓa dawowa da yaji.

Moton kuma yana da haƙƙinsa. A duba baƙin mai kowace safiya kafin a ta da shi. Sabon moto a juye masa mai bayan awa 20 na fari, daga nan kowace awa 100. Fiye da rabin lita kaɗan ya ke ɗauka, amma rashinsa ne ke kashe yawancin injuna. Matacin iska a riƙa tsabtace shi akai akai, gama ƙurar gari tana toshe shi. Kada a ta da moto a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ji kome ba sai jiri da barci. Rumfa mai iska ta fi. Bel kuma a yi masa murfi na ƙarfe ko katako, domin yana kama zane da gyale da babbar riga. Hatsi a tura shi da muciya. Yara su tsaya nesa.

Lissafi da shiri

A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Duk mai inji da ya ci gaba da karɓar tsohon kuɗin niƙa domin jin kunyar 'yan'uwa, daga aljihunsa ya riƙa biya. Darasin da ke ciki shi ne, kuɗin mudu ya kamata ya bi kuɗin mai. Irin wannan moto yana shan wajen lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa idan yana aiki sosai, amma kada ku dogara ga wannan. Ku zuba lita ɗaya daidai, ku ƙirga mudu nawa ya markaɗa kafin ya mutu. Ku raba kuɗin litar da yawan mudun. Wannan kuɗin mai ne kawai. A kansa sai a ɗora ladan mai tuƙi, da kuɗin baƙin mai da bel da boris da wasa faifai, da wani kashi da za a ajiye domin sabon inji. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ƙungiyoyi su kan manta. Inji yana cin kansa kullum, ko ana gani ko ba a gani. Ma'aji ya ware wannan kuɗi dabam, kada a ranta shi domin rufin majami'a ko bikin godiya.

Mutum ɗaya ne zai riƙa tuƙa inji, da mataimaki ɗaya, ba kowa da kowa ba. Mata suna iya wannan aiki sarai, sau da yawa ma sun fi kula da tsabta da riƙon kuɗi. A ba shi ko ita littafi, a rubuta kowane mudu. Bashi kuma a yanke shawararsa tun farko, har na fasto da dattawa. Idan ƙungiya tana so ta riƙa niƙa wa gwauraye da marasa ƙarfi kyauta, abu ne mai kyau ƙwarai, amma a rubuta sunayensu a taro, a sa kuɗin a lissafi, kada a bar wa mai tuƙi wannan nauyi.

Akwai maganganu biyu da su kan ta da gardama, gara a gama da su kafin inji ya iso. Ta fari, ranar Lahadi. Masu ƙosai suna son markaɗe kowace safiya, ekklesiya kuwa tana da sujada. Wasu su kan ƙara aiki ranar Asabar da yamma. Ta biyu, tsiron dawa. Ekklesiyoyinmu da yawa ba su yarda da burukutu ba, za a kuwa kawo tsiro a niƙa, kuma masu kunun zaƙi ma suna amfani da tsiro. Majalisar ekklesiya ta faɗi matsayinta a fili, a sanar wa kowa. Ban da wannan, injin na dukan gari ne, Kirista da Musulmi da kowa, mudu ɗaya kuɗi ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba.

Hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna kuma kada a karɓa. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, tana hana yara girma, niƙa da dafuwa ba su kawar da ita, ragowarta kuma za ta shiga garin wanda ke biye.

Ranar saye

Kada mutum ɗaya ya tafi. A aiki uku: ma'aji, da wata daga Zumuntar Mata, da makanikin da zai riƙa gyara. Su tafi da jiƙaƙƙen wake da mudun dawa, a ta da injin a gabansu, uwar ta murza ƙullun da yatsunta ta ce ya yi ko bai yi ba. Makaniki ya girgiza sandar kan ya ji ko boris yana wasa, ya duba ko fulin moto da na kai suna kan layi ɗaya, gama idan sun karkace bel ba zai daɗe ba. A tambayi mai kanti ko yana da faifai da bel na wannan inji, ya nuna su a gani, a sayo na ajiya tun ranar. Mai sayen injin tebur ya tambayi robar da ke haɗa kwano da moto, ita ce ta kan fara cinyewa. A karɓi rasit mai lambar injin da tsawon garanti, a karanta shi a taro na gaba, a ba magatakarda ya ajiye.

Kafin taron wata mai zuwa, kowane gida ya riƙa rubuta na mako biyu: mudu nawa ya kai niƙa, nawa markaɗe, nawa ya biya, da tsawon lokacin da tafiya da jira suka ci. Wanda bai iya rubutu ba ya jefa tsakuwa a gwangwani biyu, ɗaya na niƙa ɗaya na markaɗe. Magatakarda ya tara su duka ya kawo jimla, a kanta za a yanke shawarar irin injin da girmansa.